Yadda Ake Gyara Direban Garafik Idan Gem Ya Ƙi Tashi a Laftof

Duk wanda ya ɗan zauna a shagon gyaran kwamfuta, a titin Beirut na Kano ne ko a wani lungu na Kaduna, ya san wannan ƙorafin. Matashi ya shigo da laftof a jaka, ya ce gem ɗinsa ya ƙi tashi. Da ya danna sai sikirin ya yi baƙi ƙirin, can sai ya dawo da shi inda ya fara. Wani kuma wasa ya yi nisa, ana tsakiyar kai hari a PES, hoto ya daskare, muryar mai sharhi tana ci gaba, sannan wani ɗan saƙo ya leƙo daga ƙasa yana cewa direban hoto ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Amsar da ake yawan ba shi ita ce a yi mata fomat. Ni wannan amsa tana ɓata mini rai. Fomat yana share komai, har da shaidar da za ta nuna inda ciwon yake, kuma sau da yawa ba a rufa mako ba yaron zai dawo da matsalarsa, ga hotunansa da takardun makarantarsa sun tafi a banza.

Direban garafik manhaja ce da ke tsaye tsakanin gem da katin da ke zana hoto. Aikin tafinta yake yi: gem ya yi magana da harshen DirectX, shi kuma ya mayar wa katin da harshen da yake ji. Tun zamanin Windows Vista aka kafa wata ƙa'ida, cewa idan aka ba katin aiki ya yi daƙiƙa biyu bai ce uffan ba, Windows zai ɗauka ya sandare, ya kashe direban ya sake tayar da shi. Gem kuwa ba ya jure wannan katsewar, sai ya faɗi. To a nan mutane ke ruɗewa. Saƙon sunan direba yake kira, amma bai ce direba ne ya yi laifi ba. Zafi na iya sa katin ya yi shiru, ƙarancin wuta daga caja na iya sa shi, katin da ya fara mutuwa ma haka. Duk wanda ya jawo shirun, sunan direba za a rubuta.

Shi ya sa kafin in taɓa komai nakan yi tambaya ɗaya: "Ƙanena, yaushe yake faɗuwa?" Idan ya ce bai taɓa buɗewa ba tun da aka ɗora shi, hankalina yana kan fayilolin da suka ɓace ko kan katin da bai kai ba. Idan ya ce da yana yi lafiya, sai wata safiya ya tashi ya ga ya daina, to an sauya direba cikin dare, kuma yawanci Windows ne da kansa ya sauya. Idan kuwa ya ce yana buɗewa lafiya lau, sai an yi minti goma sha biyar ko ashirin ana bugawa yake tsayawa, nakan kai tafin hannu bakin fanka tun kafin ya rufe baki.

Sai a karanta saƙon da kyau. Yawancin masu kawo gyara sun danna OK kafin su karanta, don haka a sake kunna gem ɗin, a ɗauki hoton saƙon da waya. Akwai wasu saƙonni da ko kusa ba na direba ba ne. In ya ce babu d3dx9_43.dll ko xinput1_3.dll, tsohon kunshin DirectX na watan Yunin 2010 yake nema, wanda Windows 10 da 11 ba sa zuwa da shi. In ya ce MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll, kunshin Visual C++ na Microsoft ne, a ɗora na 32 da na 64 duka biyun. Sau da yawa ma suna nan cikin jakar gem ɗin, a wata ƙaramar jaka mai suna Redist, wanda ya kwafo wasan ne bai kula ba. Abin da ba a yi shi ne sauko da fayil ɗin dll guda ɗaya daga wani shafin da ba a san asalinsa ba a jefa shi cikin System32. Ta nan ake gamuwa da lambar 0xc000007b, wadda galibi ke nufin an cakuɗa fayil na 32 da na 64.

Saƙonnin da suka shafe mu su ne irin su DXGI_ERROR_DEVICE_REMOVED da DXGI_ERROR_DEVICE_HUNG, ko ERR_GFX_D3D_INIT na GTA V, ko shuɗin sikirin mai ɗauke da VIDEO_TDR_FAILURE. A ƙasan shuɗin sikirin akwai sunan fayil, kuma shi ne ke tona asirin wane kati ne: nvlddmkm.sys na NVIDIA ne, igdkmd64.sys na Intel, atikmpag.sys ko amdkmdag.sys na AMD.

Daga nan a danna maɓallin Windows da R, a rubuta dxdiag. Shafin farko zai ce DirectX 12 a kusan kowace kwamfuta mai Windows 10, kuma wannan rubutu ya yaudari mutane ba adadi. Abin da Windows ke ɗauke da shi ya faɗa, ba abin da katin zai iya ba. Gaskiyar tana shafin Display, a layin Feature Levels. Intel HD 4000 na 2012, wanda ke cikin tulin tsofaffin HP da Dell da Lenovo na ofis da ake shigowa da su na hannu, iyakarsa DirectX 11. Na bayansa, HD 4400 da 4600, Intel da kanta ta rufe musu DirectX 12 a direbobin ƙarshe saboda wata ɓaraka ta tsaro. FIFA 23 da FC 24 kuwa DirectX 12 suke so, kuma mafi ƙarancin katin da kamfanin ya rubuta musu shi ne GTX 1050 Ti ko takwaransa. Babu direban da zai cike wannan giɓi. A wannan shafin ne kuma ake ganin bambancin ma'adanar katin ta kansa da wadda yake aro daga RAM. Mai sayarwa yakan haɗa biyun ya ce wa yaro "garafik ɗinta giga takwas ne", alhali na kansa bai wuce megabait 128 ba. Faɗa wa mutum cewa laftof ɗin da ya tara kuɗi ya saya ba za ta ɗauki wasan ba abu ne mai nauyi, amma ya fi a karɓi kuɗin gyaran da ba zai yiwu ba.

In katin ya isa, sai tambaya ta gaba: shin gem ɗin ma da shi yake aiki? Laftof mai sitikar NVIDIA kusan kullum kati biyu gare ta. Akwai na Intel da ke cikin furosesa, mai cin wuta kaɗan, akwai kuma babban da ke barci sai an tashe shi. NVIDIA ta fito da wannan tsari a 2010 da sunan Optimus, don batir ya riƙa daɗewa. Wani lokaci tsarin ba ya gane cewa gem ne aka buɗe, sai ya bar ƙaramin kati da kayan da suka fi ƙarfinsa. Masu PES 2017 sun san wannan, domin manhajar saitinsa takan nuna sunan Intel ta ce ma'adanar hoto ba ta isa ba, ga GeForce kwance a ciki. A buɗe Task Manager gem yana gudana, a duba GPU 0 da GPU 1, a ga wanne ke gumi. Gyaran yana cikin saitin Windows, ɓangaren Display, sannan Graphics: a zaɓo fayil ɗin gem, a ba shi High performance. Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Mayun 2020 wannan zaɓin ne ke gaba da na NVIDIA Control Panel, don haka wanda ya saita can kawai yana iya ganin ba abin da ya canja. A kuma tabbata ainihin fayil ɗin wasan aka zaɓa. A GTA V, GTA5.exe ne, ba wanda ke buɗe ƙofa ya miƙa masa ba.

Sai Device Manager. In an ga Microsoft Basic Display Adapter, babu direba kwata-kwata, abin da ake gani ke nan bayan fomat ɗin gaggawa. In ba a san wane kati ne a ciki ba, a duba Hardware Ids: 10DE na NVIDIA ne, 8086 na Intel, 1002 na AMD. Wanda kuma ya ce jiya lafiya yau babu, a gwada maɓallin Roll Back Driver, in bai dusashe ba. Minti biyu ne, kuma yakan ƙare magana.

In duk wannan bai yi ba, an zo inda gizo ke saƙa, wato wanke tsohon direba tas a ɗora sabo. Ɗora sabo a kan tsoho shi ne abin da kowa ke yi, kuma shi ne ke barin ragowar fayiloli da saituna na shekaru suna karo da juna. Kayan aikin wankin wata 'yar manhaja ce ta kyauta, Display Driver Uninstaller, wadda masu gyara ke kira DDU. Danna ta ba wuya. Shirin da ake yi kafin a danna, da jerin da ake bi bayan an danna, su ne ke raba gwani da ɗan koyo.

Da farko a sauko da komai tun intanet yana nan: DDU, direban Intel, direban NVIDIA ko AMD. Na NVIDIA yakan haura megabait 600, don haka mai amfani da datar waya ya shirya. A lura a zaɓi na laftof, wanda aka rubuta Notebooks a gabansa, domin a tsofaffin katuna na tebur daban ne. A kuma sani cewa sabon direba ba na kowa ba ne. Katuna irin su GT 750M direbansu na ƙarshe shi ne 425.31 na 2019, in ka kawo musu na bana manhajar za ta ce ba ta ga katin da ya dace ba. Na Intel kuwa na fi son in ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, da lambar samfurinta, saboda kamfanoni sukan yi masa gyare-gyare don hasken sikirin da sauyawa tsakanin katunan biyu. Tun 2020 Intel ta buɗe ƙofa a riƙa ɗora direbanta kai tsaye a kan furosesa na zubi na shida zuwa sama, amma tsofaffin har yanzu sukan ce ba a tantance wannan direba don wannan kwamfuta ba. Manhajojin nan masu tara dubban direbobi a filash ɗaya, waɗanda yaran shago ke ƙauna, suna da amfani wajen sauti da wayales. Wajen garafik ba na yarda da su, don sukan zaɓo wanda ya yi kama, ba wanda ya dace ba.

Abu biyu kuma da ake mantawa. A tambayi mai laftof kalmar sirrinsa ta asali, domin lambar PIN takan ƙi aiki a Safe Mode. A kuma duba ko ma'ajiyar tana kulle da BitLocker, a nemo makullinta mai lambobi 48 a ajiye kafin a motsa. Wanda ya tsallake wannan yana iya kulle mutum waje da kayansa gaba ɗaya, abin da ya zo gyaran gem ya koma neman fayiloli.

Sannan a cire intanet. A kashe wayales, a zare waya in akwai, a kashe hotsifot ɗin wayar da laftof ta saba kamawa da kanta. Dalili kuwa, da zarar Windows ya farka ya ga kati ba direba, zai ruga ya ɗauko nasa, kuma yakan fara ɗorawa a ɓoye daidai lokacin da kake ɗora naka. Direba biyu suna shiga lokaci guda, sakamakon ya fi abin da aka fara da shi muni. A kuma tabbatar da wuta. Laftof ta hannu da batirinta ya mutu, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ta iya tashi da baƙin sikirin. In ba ka amince da wutar ba, a jira janareta ko inbata.

A riƙe Shift a danna Restart, a bi ta Troubleshoot zuwa Startup Settings, a danna 4. A cikin Safe Mode direban katin ba ya aiki, shi ya sa DDU ke iya tumɓuke shi har saiwa. A fara da NVIDIA, a zaɓi wankewa ba tare da sake kunnawa ba. Sannan a zaɓi Intel, a wanke, a bar ta ta sake tashi. Za ta dawo da manyan gumaka da rubutu ɓaro-ɓaro, maɓallin rage haske ma ba zai yi aiki ba. A nan masu laftof ke tsorata, wani har ya miƙe tsaye ya ce, "Oga, lafiya kuwa?" Lafiya ƙalau. Alamar wankin ya fita ke nan.

Wajen ɗorawa sai a juya jerin: Intel farko, a kashe a kunna, sannan NVIDIA. Wannan ba camfi ba ne. A yawancin waɗannan laftof ɗin sikirin da katin Intel aka haɗa shi. Babban katin zane kawai yake yi, ya miƙa wa Intel hoton, Intel ya nuna. In ka ɗora na NVIDIA alhali Intel bai tsaya da ƙafarsa ba, manhajar takan ƙi ci gaba, ko ta shiga amma sauyawar ta ƙi aiki, ka buɗe NVIDIA Control Panel ya ce maka babu sikirin da ke haɗe da katin. A wajen NVIDIA a zaɓi Custom, a sa alama a kan clean installation. Sikirin zai yi ƙifta-ƙifta, ya ɗauke, ya dawo, wani lokaci ya yi kusan minti yana baƙi. A naɗe hannu. Ɗan koyo a nan yake danne maɓallin wuta don ya ga kamar ta mutu, ya rushe aikin awa guda. In baƙin ya daɗe sosai, a danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, za a ji ƙara ɗan kaɗan, direban ya sake tashi ba tare da an kashe komai ba.

Bayan an sake kunnawa, kafin a mayar da intanet, a shiga Device installation settings a ce wa Windows kada ya riƙa ɗauko direba da kansa, ko a yi amfani da zaɓin da ke cikin DDU na hana shi. In ba haka ba, cikin dare zai maye gurbin naka da nasa. Nakan kuma bar kwafin direbobin da suka yi aiki a wata jaka cikin laftof ɗin, da lambarsu a jikin sunan jakar, don ko wani mai gyaran ta faɗa hannunsa ya san inda aka tsaya.

Wasu abokan sana'a suna raina wannan aiki, wai gyaran wasan yara ne. Ban yarda ba. Gem shi ne jarrabawa mafi tsanani da ake yi wa laftof, yana matsa wa kati da furosesa da fanka da caja a lokaci guda. Katin da ke faɗuwa a GTA shi ne zai faɗi a hannun mai tace bidiyon biki ko ɗalibin zanen gine-gine da ke aiki da AutoCAD, sai dai su sukan ɗauka haka kwamfuta take. Yawancin ƙwararrun matasan da na sani a wannan sana'a ta ƙofar gem suka shigo: wasa ya ƙi tashi, babu kuɗin kai wa mai gyara, suka kwana suna tono har suka gane. A zamanin Windows XP da 7, lokacin da laftof ke zuwa da faifan direbobinta a kwali, wanda ke da jakar faya-fayan nan shi ne sarki a layi. Yanzu komai yana intanet, amma karatun alamun bai canja ba, kuma jin daɗin ganin filin ƙwallo ya buɗe sumul a sikirin da ɗazu yake baƙi bai ragu ba.

Gwaji kuwa ba na minti biyu ba ne. A buga wasa na rabin awa a ƙalla, da GPU-Z ko HWiNFO a buɗe yana rubuta zafi. In ya sake faɗuwa, a leƙa Event Viewer, lamba 4101 ita ce shaidar cewa direba ya sake sandarewa. Sai a dubi zafin da aka rubuta. Katin NVIDIA na laftof yakan fara rage gudu da kansa in ya doshi digiri 87, furosesar Intel kuwa iyakarta wajen 100. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40 a inuwa, laftof tana fara aiki ne da iska mai zafi tun daga farko. Ƙara da ƙurar hunturun da ta shige ta tun Disamba, wadda ke taruwa ta zama kamar auduga tsakanin fanka da haƙoran jan ƙarfen da ke fitar da zafi, ƙara da ɗora ta a kan katifa ana bugawa. A buɗe ƙasanta, a cire fanka, a zare wannan dunƙulen. In za a hura iska a riƙe fukafukan fankar da yatsa kada ta yi juyin da ya wuce ƙima. A goge busasshen man da ke kan kati da furosesa, a sa sabo ɗan kaɗan. Sau da yawa wannan kaɗai yakan sauko da zafin sosai, saƙon direba ya ɓace ba a sake ganinsa ba.

Caja ma a juya bayanta a karanta. Laftof mai GTX 1650 takan zo da caja mai wat 120 zuwa 150, amma ta hannu sau da yawa da caja mai wat 65 ake haɗa ta, saboda bakin ya shiga. Rubutu da kallon fim za su yi lafiya. Da babban kati ya farka ya nemi wutarsa, sai batir ya fara zuƙewa alhali tana jone, in batirin ya mutu kuwa ta ɗauke ɗif. Cajojin Dell da HP suna da ɗan siririn tsinke a tsakiyar baki wanda ke gaya wa laftof ƙarfin cajar. In ya karye, ko cajar jabu ce, laftof takan rage gudunta da gangan.

Akwai dabarar da ke yawo, ta shiga rajistar Windows a ƙara TdrDelay daga daƙiƙa biyu zuwa takwas ko goma. Tana da wuri wajen masu haɗa bidiyo da zane mai nauyi, inda kati ke daɗewa kan aiki ɗaya da gaskiya. A gem kuwa, katin da ya yi daƙiƙa biyu bai fitar da hoto ko ɗaya ba yana da ciwo, kuma ƙara masa lokaci tsawaita daskarewar kawai yake yi.

Saura hali na ƙarshe, wanda ba na son kaiwa gare shi. An wanke, an ɗora bisa jeri, an share ƙura, caja ta asali ce, amma Device Manager yana nuna alamar rawaya da Code 43 a kan katin, ko wasu layuka da ɗigo-ɗigo masu launi suna yawo da zarar ya fara aiki. Katin ne ke mutuwa, ko dalmar da ta liƙe shi a jikin bod ta tsattsage saboda shekarun zafi da sanyi. Wasu sukan gasa shi da bulowa, ya farfaɗo na 'yan makonni, a karɓi kuɗi. Gyaran gangar Auzinawa ne, domin zafin yakan taɓa abin da ke kewaye, kuma in ya sake mutuwa yakan tafi da bod ɗin. Abin da nake yi shi ne in kashe babban katin a Device Manager, ko a BIOS in akwai zaɓin, in bar laftof ɗin a kan Intel. Za ta yi karatu da rubutu da kallo lafiya. GTA San Andreas da PES 2013 za su gudana a kanta, PES 2017 ma yakan yi in aka sauke saitin hoto zuwa ƙasa aka mayar da shi 720.